Ruwan da bai kashe ba yana iya hana haihuwa

Yarona, ka ce ƙananan kofefod ɗin da muke kiwo don ciyar da 'ya'yan kifi suna iyo lafiya, babu mai mutuwa, amma haihuwa ta ja baya, kana tambaya ko ruwan na da laifi. Yana iya kasancewa. Gwajin awa 48 da ka saba yi mutuwa kawai yake nunawa, kuma akwai sinadaran da aikinsu ya fi haka ɓoyuwa.

Kofefod dangin jatan lande ne da kaguwa, ɓawo ne ya rufe jikinsa, ba ya girma sai ya yi saɓa. Daga ƙyanƙyasa zuwa balaga sai ya saɓe sau 11: matakai 6 na jariri, 5 na matashi, sannan ya kai haihuwa. Homon, wato sinadarin da ke kai saƙo a cikin jiki, wanda ake kira ekdison ne ke ba da umarnin kowace saɓa, wani kuma mai suna metil fanesowet yana da hannu a girma da balaga. Sinadarin da ya yi kama da ɗayansu kamar mabuɗin jabu ne: ya shiga kwaɗo, ya buɗe ba a kan lokaci ba, ko ya toshe shi. Sai saɓa ta makara, mace ta jinkirta ɗaukar ƙwai, ko ƙwan ya ƙi ƙyanƙyashewa.

Da an ce homon, mutane sai su tuna bisfenol A na roba da nonilfenol na wasu sabulan wanki, masu kwaikwayon homon ɗin mata a jikin kifi. Ina sa musu ido, amma a wurina magungunan ƙwari sun fi ban tsoro, don jikin ƙwaro da na kofefod tsari ɗaya suke bi. Metofirin da ake zubawa a ruwa don tsutsar sauro an ƙera shi ne ya hana ta balaga. Irin waɗannan magunguna suna sa dafniya, 'yar uwar kofefod ta ruwan daɗi, ta riƙa haifar maza maimakon mata. A gonakin kifin salmon na Norwe kuwa an yi amfani da diflubenzuron a kan ƙwarkwatar kifi, yana hana sabon ɓawo haɗuwa. To, ita ƙwarkwatar nan kofefod ce, ka ga maganin ba zai tambayi wane ne namu ba.

Kafin ka zargi guba, duba abinci da zafin ruwa da gishiri, don yunwa ma tana rage ƙwai. In sun daidaita, raba jariran kofefod 'yan kwana ɗaya gida biyu a kwalaben gilashi, rabi a ruwan tanki, rabi a tsabtataccen ruwan teku. Kullum ka sa su a madubin likita, ka rubuta ranar da suka balaga, maza nawa mata nawa, ƙwai nawa suka ƙyanƙyashe. Ka bi 'ya'yansu ma har su haihu, don wani lahanin sai a zuriya ta biyu yake fitowa. Sabon tiyon robar nan da ka sa kuwa, cire shi yau, ka kawo mini.