Filin Tambaya da Amsa: Ƙaura daga tsohuwar kwamfuta zuwa sabuwa

Tambaya: Na sayi sabuwar kwamfuta mai Windows 11. Na kwashe foldar Program Files daga tsohuwar a filash na zuba a sabuwar, amma ko manhaja ɗaya ta ƙi buɗewa. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, filash ɗinka lafiya lau yake. Hotuna, takardu da bidiyo ana kwafarsu, amma manhaja sai an sake saka ta daga farko. Lokacin da ake saka manhaja, ba a Program Files kaɗai take zama ba: tana rubuta bayananta a rajistar Windows (kundin da Windows ke ajiye saituna), tana ajiye saitunanta a wata ɓoyayyiyar folda mai suna AppData, wani lokaci har da direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa na'urori aiki da Windows. Kai gangar jikin ka ɗauko, ka baro sauran can.

Tun tsohuwar tana aiki, shiga Settings, sannan Apps, ka rubuta sunayen manhajojin da kake amfani da su da gaske. Za ka tarar rabin jerin ba ka ma san da zamansu ba, ka bar su can. Sauran ka sauko da su daga shafukan kamfanoninsu. Wanda ya saba da rubuta umarni zai iya amfani da winget, manhajar Windows mai saka manhajoji ta hanyar umarni: winget export a tsohuwar da winget import a sabuwar, sai dai manhajojin da winget ya sani kawai zai dawo da su, kuma ba tare da saitunansu ba.

Inda aka fi shan wahala shi ne lasisi. Idan Microsoft 365 kake biya, shiga asusunka kawai ya wadatar. Manhajar da aka saya da lambar lasisi kuwa, nemo lambar tun yanzu, kuma idan tana ƙayyade yawan kwamfutoci, cire rajistarta daga tsohuwar kafin ka saka ta a sabuwar. Windows ɗin da ya zo tare da tsohuwar kwamfuta daga kamfani a ɗaure yake da ita, ba ya ƙaura.

Akwai kuma abubuwan da ba a tunawa da su sai an neme su an rasa: kalmomin sirri da shafukan da ka adana a burauza, da saƙonnin Outlook da ke cikin fayil mai ƙarshen .pst. Na burauza, kunna daidaitawa (Sync) da asusunka a Chrome, Edge ko Firefox ya fi aminci. Idan ka fitar da kalmomin sirrin a fayil ɗin CSV, ka sani a buɗe suke, duk wanda ya samu zai karanta, don haka goge shi da zarar ka gama.

Tambaya: Ina da bidiyo da hotuna kusan gigabait 200. Filash ɗina yana da wuri, amma ya ce wani fayil ya yi masa girma. Wace hanya ce ta fi sauri?

Amsa: Malama, filash ɗin yana kan tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4 komai yawan wurin da ya rage. Ki kwashe abin da ke ciki, ki yi masa fomat zuwa exFAT, wanda Windows da Mac duk suna karantawa. Fomat yana share komai, kada ki manta.

Kaya masu wannan yawa, faifan ajiya na waje ya fi dacewa. Ki soka shi a kafar USB 3.0, wadda galibi cikinta shuɗi ne. A USB 2.0 gigabait 200 zai ci kusan awa biyu, a 3.0 bai cika kai awa guda ba, amma dubban ƙananan hotuna sun fi babban bidiyo ɗaya jan lokaci. Ajiya a intanet ba za ta ɗauke ki kyauta ba, domin OneDrive gigabait 5 yake bayarwa, Google Drive kuma 15.

Ki shiga C:\Users, ki buɗe foldar sunanki, ki ɗauki Desktop, Documents, Pictures, Videos da Downloads. Ki yi kwafi, kada ki yanke, saboda in aikin ya katse a tsakiya asalin yana nan. Bayan an gama, danna Properties a ɓangarorin biyu ki gwada yawan fayiloli da girmansu, sannan ki buɗe wasu ki gani da idonki.

Tambaya: Tsohuwar tawa ta daina tashi kwata-kwata. Bayanaina sun tafi ke nan?

Amsa: Ba lalle ba. Sau da yawa faifan yana da rai. A ciro shi, a haɗa shi da sabuwar ta wayar SATA zuwa USB, ko a saka shi a gidan M.2 mai haɗawa da USB idan siririn faifai ne irin SSD. Idan an kulle shi da BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai, zai nemi lambar ceto mai lambobi 48, wadda galibi tana cikin asusunka na Microsoft. Babu lambar, babu shiga. In kuwa ka ji faifan yana ƙas-ƙas, cire shi nan take ka kai wa masu ceto bayanai, domin kowane gwaji ƙara lalata shi yake yi.

Tambaya: Zan sayar da tsohuwar. Share fayiloli ya isa?

Amsa: Bai isa ba, ana iya dawo da su da manhajar da kowa zai iya saukowa da ita. Ka yi mako biyu kana aiki da sabuwar tukuna, don abin da ka manta ya bayyana. Sannan ka fita daga duk asusunka, ka shiga Settings ka zaɓi Reset this PC, sai Remove everything, ka kunna Clean data. Yana iya ɗaukar awoyi, don haka ka bar ta a jone da wuta har ta gama.