Tambaya da Amsa: Wace Resista Ta Dace da Amfilifaya Mai Bawul?

Tambaya: Malam, ina haɗa amfilifayar jita mai bawul 12AX7 a gaba da 6V6 guda biyu a ƙarshe. Wasu sun ce in ban sa resista ta dunƙulen kabon ba, ba zan sami sautin na'urorin da ba. Wasu kuma sun ce in yi nesa da ita. Wa zan bi?

Amsa: Kada ka sayi iri ɗaya ka zuba ko'ina. Gurbin da resista za ta zauna shi ne ke zaɓa maka irinta, kuma abu uku za ka duba a kowane gurbi: wutar DC nawa ce a kanta, zafi nawa za ta sha, kuma siginar da ke wurin ƙarama ce ko babba.

Bawul kwalba ce mai ƙara ƙarfin sigina, filet da katod da girid da sikirin kuwa sunayen sassan da ke cikin bawuloli ne. Mu fara da resistar filet ta bawul na farko, don nan ne aka fi yin ɓarna. A 12AX7 galibi 100k ake sawa, wato om dubu 100, wutar da ke ratsa ta kuma ba ta wuce miliamf 1 da wani abu ba, saboda haka bolt 100 ko fiye ne ke tsaye a kanta kullum. Dunƙulen kabon garin kabon ne da aka cuɗa da abin ɗauri aka matse. Idan DC ta ratsa tsakanin ƙwayoyin nan sai ta haifar da ƙarin shuu da tartsatsi, kuma duk abin da ya shiga a bawul na farko, bawulolin baya za su ninka shi har ya fito ta lasifika. A wannan gurbi ka sa mai shafen ƙarfe, wadda ake kira metal fim. Ita ce mafi shiru, kuma kuskuren ƙimarta kashi 1 cikin 100 ne kawai. Haka ma resistar katod ta 1.5k da ta girid ta 1M, wato om miliyan 1.

Gaskiya ne dunƙulen kabon na ɗan canza ƙima idan bolt ya yi yawa a kanta, wannan kuwa na iya ɗan lanƙwasa sigina. To amma hakan ba ya faruwa yadda za a lura sai inda siginar ke lilo da bolt masu yawa, kamar filet ɗin bawul mai raba sigina gida biyu. In kana son gwadawa, can za ka gwada. A ganinmu abin da za ka samu bai kai abin da ake zuzutawa ba, ga shi tana shan laima, ƙimarta na hawa da shekaru.

Inda ta dunƙulen kabon take da amfani na zahiri shi ne resistar da ake liƙawa a bakin girid don hana bawul kaɗawa a mitar rediyo. DC ba ta bi ta nan, don haka babu ƙarin shuu, kuma ba ta da naɗi a cikinta. Sai dai ko a nan mai shafen kabon ko ta ƙarfe za ta yi aikin. Abin da ya fi iri muhimmanci shi ne ka datse ƙafarta gajeriya ka liƙa ta da dalma a kan ƙafar soket ɗin kanta. In ka ajiye ta can kan allo ka ja waya mai tsawo, wayar ta zama eriya, aikin ya tashi a banza. Na'urorin kamfanin Fender na sa 1.5k a girid ɗin bawul 6L6, na kamfanin Marshall kuma 5.6k a bawul EL34.

Tambaya: Na yi lissafi na ga resistar filet ɗina wat 0.1 kawai take ci. Me zai hana in sa mai kwatan wat?

Amsa: Lissafinka daidai ne, amma wat ba shi kaɗai ne iyakar resista ba. Kowace tana da iyakar bolt da za ta jure. Mai kwatan wat galibi bolt 250 ce, mai rabin wat 350, mai wat 1 kuma 500, ko da yake dole ka duba takardar kamfanin da ya ƙera ta. A cikin mai shafe akwai siririn tsagi da aka yanka a murɗe, kuma in bolt ya wuce kima wuta na tsallaka tsagin, ta ci shafen a hankali har wata rana resistar ta yanke ba tare da ta nuna alamar ƙuna ba. Layin da ke ɗauke da bolt 300 zuwa 400 yana buƙatar mai rabin wat a ƙalla, mai wat 1 ta fi kwanciyar hankali. In ba ka samu ba, jera 47k biyu a layi ɗaya a madadin 100k ɗin, kowace ta ɗauki rabin nauyin.

Tambaya: Resistar sikirin ta amfilifayata ta ƙone sau biyu. In sa mai wat 10 in huta?

Amsa: Tsaya tukuna. Resistar sikirin ba ta ƙonewa haka kawai. Ko dai bawul ɗin ya fara haɗuwa a ciki, ko bayas, wato saitin yawan wutar da bawul ke ja, ya yi zafi, ko soket ya yi baƙin tabo yana tartsatsi tsakanin ƙafafu, ko an kunna na'urar da lasifikar da ba ta dace ba. Ka gano musabbabin kafin ka canza komai. In ka danna mai wat 10 alhali bawul ɗin ne ya lalace, resistar za ta tsira, amma taransifoma ce za ta biya kuɗin.

Bayan ka gyara, ga abin da ya dace: om 470 ga 6V6 ko 6L6, 1k ga EL34. Ka zaɓi mai shafen oksayid ta wat 2 ko 3 wadda ba ta kama wuta, ko mai naɗin waya ta wat 5 ga EL34. Tsofaffin na'urori da yawa dunƙulen kabon mai wat 1 suke da shi a nan, a saman soket inda zafi ke dukansa, shi ya sa za ka same su a tsage ko sun kumbura a tsakiya.

Tunda muna wajen zafi, resistar katod ta bawulolin ƙarshe ma haka take. A 6V6 biyu masu om 250, kusan bolt 20 ke kanta. Bolt 20 sau 20 a raba da 250 ya ba ka wat 1.6, sai ka sa mai naɗin waya ta wat 5. Ka ɗaga ta daga allo kamar milimita 5 don iska ta ratsa, kuma ka nisanta kafasitar da ke tare da ita, don zafi ne ke busar da kafasita. Ƙa'idarmu ita ce ninki biyu na lissafi a ƙalla, uku in akwatin a rufe yake. Resistocin da ke tsakanin kafasitocin tace wuta kuwa, oksayid mai wat 2 ko 3, saboda duk lokacin da aka kunna na'ura kusan dukkan bolt ɗin na faɗa musu na ɗan lokaci kafin kafasita ta cika.

Tambaya: Na gaji tsohuwar amfilifaya. In cire dukkan resistocinta?

Amsa: A'a, auna su ɗaya bayan ɗaya. Da farko ka zare filogi, ka sauke wutar manyan kafasitoci ta resistar 100k mai wat 5, sannan ka tabbatar da mita cewa ta sauka ƙasa da bolt 10, don bolt 400 da ke kwance a ciki na iya kashe mutum ko da na'urar a kashe take. Ka ɗaga ƙafa ɗaya kafin ka auna, in ba haka ba sauran kayan da ke haɗe da ita za su ruɗa mitar. Wadda ta kauce fiye da abin da zoben launi na ƙarshe da ke jikinta ya yarda, zinariya kashi 5, azurfa kashi 10, ka canza ta. Ka lura da 82k da 100k da ke filet ɗin bawul mai raba sigina a na'urorin Fender da Marshall da yawa: da gangan aka bambanta su don ɓangarorin biyu su daidaita, kada ka mayar da su ɗaya. In kuma tartsatsi kake ji, taɓa kowace resistar filet da sandar katako busasshiya na'urar na kunne, hannu ɗaya a bayanka. Wadda ta yi ƙara da ka taɓa ta, ita za ka fara cirewa.