Na'urar malamin jami'a: ta wa ce kafin in zuba jari?

Tambaya: Ni ɗan kasuwar kayan gwari ne. Ƙanen matata malamin jami'a ne, ya ƙera na'urar busar da tumatir mai aiki da hasken rana. Na gani da idona, tumatirin ya fito jajur, ba ƙura ba ƙasa. Yana so in zuba jari mu riƙa ƙerawa muna sayarwa. In shiga?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kafin ka fitar da ko kwabo, tambaye shi a ina ya ƙera ta, kuma da kuɗin wa. Dokar haƙƙin ƙirƙira ta Najeriya ta 1970 ta ce abin da ma'aikaci ya ƙirƙiro a bakin aikinsa, haƙƙin na wanda ya ɗauke shi aiki ne. In a ɗakin gwajin jami'a ya yi ta, mai yiwuwa jami'ar ce mai kaya, ka ga biyansa kai tsaye cinikin biri a sama ne.

Sanin mai kaya shi ke fito da ƙirƙira kasuwa. A Amurka, kafin 1980, gwamnati ke riƙe haƙƙin binciken da ta biya. Haƙƙoƙin ƙirƙira wajen 28,000 suka taru a hannunta, waɗanda kamfanoni suka karɓi lasisinsu ba su kai 5 cikin 100 ba. Wa zai narka dukiyarsa a abin da gobe maƙwabci zai kwaikwaya? Sai a 1980 dokar da ake kira Bayh-Dole ta bar wa jami'o'i haƙƙin, da sharaɗin su ba mai ƙirƙira kasonsa. Amma a Norway, da aka karɓe haƙƙin daga malamai aka ba jami'o'i a 2003, sababbin kamfanonin malamai da rajistar ƙirƙirarsu sun ragu da kusan rabi. Shi ya sa kason surukinka ya dame ni ƙwarai. In gwiwarsa ta yi sanyi, wa zai gyara na'urar ran da ta ƙi?

Ku je tare ofishin da ke kula da haƙƙin ƙirƙira a jami'arsa, ko ku tuntuɓi NOTAP, hukumar gwamnatin tarayya mai kula da samowa da bunƙasa fasaha. Kada ku baje na'urar a kasuwa kafin rajista, don abin da ya riga ya bazu ba a ɗaukarsa sabo. Rajistar shekara 20 take yi, ana biyan kuɗinta duk shekara. Sannan lauya ya rubuta maka lasisi: kai kaɗai za ka ƙera, na shekara nawa, nawa ne na jami'a a kowace na'ura, nawa ne nasa.