Amsa ga Malama mai tambaya kan ranar 'yan mazan jiya da littattafan yaƙi

Wa alaikumus salam Malama. Na ga tambayarki tun jiya da daddare, kin ce kina koyarwa a sakandare kuma kina son ki yi wa ɗalibanki wani abu na girmama sojoji ranar 15 ga Janairu, sannan kina neman littattafan da za ki ba su kan yaƙi da kishin ƙasa. Na bari sai da safe don maganar ta taɓa ni, ni jikan soja ne kuma ɗan soja, a bariki aka yanke min cibi.

Ita wannan rana an tsayar da ita ne saboda ranar 15 ga Janairun 1970 aka kawo ƙarshen yaƙin basasa, wanda aka fara a Yulin 1967. A da ranar 11 ga Nuwamba ake yi kamar sauran ƙasashen renon Ingila. Abin da ake nunawa a talabijin kin san shi, a ɗora furanni, a harba bindiga, a saki fararen tattabaru a Abuja, manya su maƙala jan tambarin nan a ƙirji. Ban raina ba wallahi, nima ina saye duk shekara. Amma in ni ne ke, ba daga nan zan fara ba, zan nemo tsohon soja guda ɗaya a unguwa in kawo shi aji, a ba shi kujera da ruwa, yara su yi shiru su saurare shi. Ki tambaya a ofishin Nigerian Legion, wato ƙungiyar tsofaffin sojoji, na jiharku ko wajen mai unguwa, ba za a rasa ba, wasu ma suna nan suna gadi a ƙofar gidajen mutane ba wanda ya san sun je Laberiya da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a 1990.

Kakana ya yi yaƙin Bama, wato ƙasar Burma a yaƙin duniya na biyu, mu dai Baba Saje muke ce masa. A 1943 aka ɗebe su a jirgin ruwa daga Ikko zuwa Indiya, yana runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka fafata da Japanawa a kwarin Kaladan. Yana da wata ƙaramar adaka ta ƙarfe a ƙarƙashin gado, ciki akwai lambobinsa naɗe a tsumma da wata takardar sallama da ta yi ja ta kusa rabewa biyu wajen ninki. Ba ya son maganar harbi ko kaɗan, in ka matsa masa sai ya ce a miƙo masa buta. Abin da yake faɗa shi ne ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da matsattsaku da ke shiga cikin takalmi, da kaya da suke ɗauka a ka suna hawan duwatsu saboda mota ba ta shiga dajin, abinci ma sai jirgin sama ya jeho musu. Ya ce har Turawan hafsoshinsu da Hausa suke ba da umarni. Ya rasu ina saurayi, kuma ban taɓa zama da biro da takarda na rubuta ko kalma ɗaya daga bakinsa ba, har yau abin yana ci min rai, sunayen abokansa da aka binne a can da yake lissafawa bayan sallar asuba yana musu addu'a duk sun tafi da shi. Shi ya sa nake roƙonki in kin samu dattijon, ki sa ɗalibai biyu su rubuta, wani ya ɗauka a waya da izininsa.

Wani abu kuma da yara za su so, ki tambaye su me ya sa ake ce wa barikin Zariya Chindit, na Kaduna Dalet da Kalapanzin, na Ibadan Letmauk, na Legas Myohaung da Arakan da Dodan. Duk daga yaƙin Bama sunayen suka fito, kullum muna wucewa ta gabansu a keke napep ba mu sani ba.

Littattafai kuwa, ki fara da na gida, waƙar Maraba da Soja ta Malam Sa'adu Zungur wadda ya yi wa sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu, da Hausa take, kuma yara za su ga yadda ya haɗa yabon soja da maganar 'yancin ƙasa. Sai Burma Boy na Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan ne, ya fito a 2007, ƙagaggen labari ne na wani yaro da ya shiga soja da ƙarancin shekaru ya tsinci kansa cikin 'yan Chindit, rundunar Ingila ta musamman da ta yi yaƙi a dajin Bama, 'yan aji biyar da shida za su iya da shi. Wanda ya fi girgiza ni shi ne Another Man's War na Barnaby Phillips, labarin gaske na Isaac Fadoyebo, wanda aka harbe shi a bakin kogin Kaladan a 1944 wasu talakawa Musulmi 'yan Rohingya suka ɓoye shi da abokinsa ɗan Saliyo wata da watanni suna ciyar da su, alhali in Japanawa suka gane kashe su za su yi. Na karanta shi ina tuna Baba Saje a kowane shafi.

Na yaƙin basasa kuma don Allah kar ki ba su ɓangare guda. In sun karanta My Command na Obasanjo, su haɗa da The Tragedy of Victory na Alabi-Isama wanda ya musanta abubuwa da dama a ciki, sannan There Was a Country na Chinua Achebe don su ji yadda yunwa ta yi wa yaran wancan ɓangaren. Akwai wuraren da ban yarda da Achebe ba, amma gara yaro ya karanta ya yi gardama da ya tashi bai san komai ba sai abin da ya tsinta a Facebook.

Ana cewa soja marmari daga nesa, kuma na san akwai waɗanda kaki ya zalunta, kar ki hana yaro faɗin haka in ya ɗaga hannu. Amma ki gaya musu labarin Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali da ya kwanta dama a Malam Fatori a Nuwamban 2016, da ƙananan sojoji da yawa da ba a buga hotonsu a jarida ba. Maƙwabciyarmu a bariki mijinta kofur ne, ya tafi arewa maso gabas bai dawo ba, na ga ranar da ta ɗaure katifa da tukwane a bayan akori-kura da yara huɗu, ƙaramin yana sanye da hular babansa ta rufe masa ido. Irin su suna nan a kowane gari. In ɗalibanki za su haɗa ko mudun shinkafa da sabulu su kai wa guda ɗaya, su gaishe ta su yi wa mijinta addu'a da sunansa, ki yi min magana ta inbos, nawa gudummawar na nan, kuma Burma Boy ina da kwafi biyu zan ba ki aron ɗaya.