Golana mai taurari biyar ya tsaya cik, in sayar da shi ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina buga Football Manager 2024, gem ɗin da mutum ke zama kocin ƙwallon ƙafa, a kwamfuta, ina riƙe da wata ƙungiya a firimiyar Ingila. Makarantar yara ta kulob ɗin ta fito mini da gola ɗan shekara 16, mataimakin koci ya ba shi taurari biyar na abin da zai iya zama nan gaba. Na ɗauko shi na haɗa shi da manya, na mai da shi gola na biyu don ya koya a wajen babban golana. Yanzu shekararsa 20, lambobinsa kusan suna nan inda suke, taurarin sun koma uku da rabi. Ɗan gaban da suka fito tare kuwa har ƙasarsa ta fara kiransa. In sayar da shi ne, ko akwai dabara? Daga wani mai karatu a Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka sayar tukuna. Yaron nan benci ne ya cinye shi, kuma kai ka zaunar da shi a kai da kyakkyawar niyya.

Yadda gem ɗin yake aiki, kafin yaro ya kai shekara 18 atisaye ne ya fi gina shi: kyan wurin horo, ƙwarewar masu horarwa, da halinsa. Daga 18 zuwa sama lamarin ya juya, wasa na gaske ne kan gaba, wasan da ya dace da ƙarfinsa. To ka duba bambancin yaran naka biyu. Ɗan gaba ko yana benci, kana sako shi minti ashirin a nan, rabin awa a can, in kuna gaba da ci uku ka ba shi zagaye na biyu gaba ɗaya. Kafin kaka ta ƙare ya tara abin da ya tara. Gola na biyu fa? Ba wanda ke canza gola don a ɗanɗana wa yaro. Yana nan sanye da safar hannu yana tauna cingam, sai dai in na ɗaya ya ji rauni ko an ba shi jan kati. Gurbi ɗaya ne tak a fili. Shi ya sa a duk ƙungiya babu wurin da ya fi cutar da matashi kamar gola na biyu. Wannan kujera ta dattijo ce ɗan shekara 33 ko 35, mai kyan hali, wanda ba ya ƙorafin rashin wasa kuma albashinsa bai taka kara ya karya ba.

Su taurarin kuma kada su ɗaga maka hankali fiye da kima. Ra'ayin ma'aikacinka ne, yana iya kuskure, kuma yana auna yaron ne da 'yan wasan da kake da su a yanzu. In ƙungiyarka ta ƙara ƙarfi a shekarun nan huɗu, taurarin kowane yaro za su ragu ko da bai lalace ba. Ainihin iyakar da zai iya kaiwa lamba ce ɓoyayya tsakanin 1 da 200, ba ka ganinta. Abin da kake gani shi ne lambobin 1 zuwa 20 na kowace baiwa, da kibiyoyin da ke nuna hawa ko sauka.

Magani shi ne aro, amma aro na lissafi. Da yawa suna danna a ba da shi aro, tayin farko da ya shigo su karɓa, bayan wata shida su leƙa su tarar yaron wasa biyu ya buga, duk na kofi. Kafin ka sa hannu, duba matsayin da suka yi masa alkawari: in ba gola na ɗaya ba ne, ka ƙi. Ka buɗe jerin 'yan wasansu da kanka ka ga golan da suke da shi, domin alkawarin kocin kwamfuta ba ya hana shi ajiye yaronka in nasu ya fi shi. Ka duba wurin horonsu da kocin gololinsu. Ka sa sharaɗin da zai ba ka damar kiransa ya dawo in sun saɓa. Kuma ka zaɓi rukunin da zai sha wuya kaɗan amma ba za a wulakanta shi ba. Yaron da ake zura wa huɗu huɗu kowane mako makinsa zai faɗi, zuciyarsa ta mutu, ci gaban ya tsaya. Wanda kuma aka kai rukunin da shi ne ya fi ƙarfin 'yan cikinsa nesa ba kusa ba, ba abin da zai koyo. Ga ɗan shekara 20 da ke firimiya, ni nakan fara da rukuni na uku na Ingila ko ƙaramar ƙungiya a babban rukunin wata ƙasa irin Beljiyam, in ya yi kyau kaka mai zuwa a hau mataki ɗaya.

Wannan ba ƙirƙirar Sports Interactive, kamfanin da ya yi gem ɗin, ba ce, haka abin yake a fili. Chelsea ta sayi Thibaut Courtois daga Genk a 2011 yana ɗan shekara 19, babban golanta Petr Cech na kan ganiyarsa. Ba su zaunar da shi yana kallon Cech ba, sun tura shi Atletico Madrid kaka uku, ya dawo a 2014 ya karɓe ragar. Emiliano Martinez kuwa shekara goma ya yi a hannun Arsenal yana yawon aro da zaman benci, sai a 2020 da babban golansu Bernd Leno ya ji rauni aka ga ko shi waye, yana da shekara 27. Bayan shekara biyu ya ɗaga kofin duniya da Ajantina. Kuma ba sai mun je nesa ba. Stanley Nwabali ya tsare ragar Katsina United a nan filin Muhammadu Dikko kafin ya tafi Chippa United ta Afirka ta Kudu a 2022. Yawancin 'yan Najeriya ba su san sunansa ba sai a gasar kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa farkon 2024, inda ya tare fenareti biyu a wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu. Shekararsa 27 a lokacin. Irin su Gianluigi Donnarumma da ya fara tsare wa AC Milan raga yana ɗan 16 a 2015, ɗaya ne a cikin dubu, kada ka auna yaronka da shi. A gem ɗin ma gola ya fi kowa jinkirin nuna, yakan kai ganiyarsa ne bayan ya haura 30, lokacin da ɗan gaban naka gudu ya fara barinsa.

Sai hali, wanda shi ne abin da ban ji ka ambata ba a tambayarka, alhali shi zan fara dubawa. Buɗe shafin yaron ka ga abin da aka rubuta game da ɗabi'arsa, ka dubi lambar jajircewarsa. A bayan wannan rubutu akwai ɓoyayyun lambobi, manyansu riƙon sana'a da gaskiya da kuma buri. Yaro mai baiwa amma malalaci ba zai kai ko kusa da iyakarsa ba, ko ka ba shi wasa hamsin a kaka. Gyaran hali ana yinsa ne ta rukunin renon da ake haɗa yara da manya, aƙalla mutum uku, kuma sai suna atisaye a tawaga ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: a 16 da 17 abin ya fi kamawa, a 20 ya fara tauri. Nan ne kawai zaman da ya yi da babban golanka zai iya zama ya amfane shi, in har ka haɗa su a rukuni kuma babban mai halin kirki ne. In ba ka haɗa ba, zaman banza aka yi.

Batun atisaye ba shi da tsawo. Ka samu kocin gololi mai kyau a tare shot, in kuɗi ya isa ka ƙara wani don riƙo da rabon ƙwallo. Ka sa yaron yana horo a kan rawar da za ka ba shi nan gaba, golan da ke tsayawa a layi ko mai fitowa share bayan 'yan baya. Abubuwan da nake bi da ido su ne zafin nama, riƙon ƙwallo, sanin wurin tsayuwa, gaba da gaba da ɗan wasa, saurin juya jiki, natsuwa da yanke shawara. Na ƙarshen nan biyu shekaru da wasa ne ke kawo su, kada ka ga 9 ko 10 a wajen ɗan shekara 20 ka yanke ƙauna. Tsawo kuwa ba a koyar da shi. Gajeren gola mai ƙarancin kaiwa sama, kwana da kuros za su riƙa ba shi wahala har ya yi ritaya. Kada kuma ka lafta masa ƙarin atisaye iri uku lokaci guda, rauni za ka jawo.

In ka ƙi aron saboda kana son ganinsa kusa, to ka ba shi wasannin kofi gaba ɗaya, Carabao da FA, ka bar shi ya riƙa buga wa 'yan ƙasa da 21 a sauran makonni. Amma ka daure. Zai saki ƙwallo mai sauƙi wata rana a minti na 88, magoya baya su yi ca a kansa. In ka cire shi a wasa na gaba, kun koma gidan jiya. Ni dai a wurina wannan hanya rabin magani ce, in an fitar da ku a wasanku na farko shi ke nan kakarsa ta ƙare.

Saboda haka ka sabunta kwantiraginsa yanzu tun albashinsa bai tashi ba, ka tura shi aro kaka biyu a jere a matsayin gola na ɗaya, kana leƙa rahotonsa duk wata. In ya kai 22 ko 23 da wasa sittin ko saba'in a ƙafarsa kibiyoyin ba su motsa ba, halin kuma ba na kirki ba ne, sai ka sayar. Ko a nan ma ka sa kaso a cinikinsa na gaba, kamar 30 ko 40 cikin ɗari, da sharaɗin sake sayensa a kan farashin da kuka yanke tun yanzu.