Ba zafi ke kashe sensar salansa ba

Ɗan'uwa, ka ce sau biyu sensar oksijin ta salansar motarka tana mutuwa cikin shekara ɗaya, kana zargin zafi. Gaskiya ba zafi ba ne, don zafin ma aka yi ta. Bakinta tangaran ne na zakoniya da aka shafe da ƙarfen falatinam, kuma ba ta fara aiki sai ta haura digiri 300 a ma'aunin Celsius, shi ya sa aka sa mata hita a ciki. Tana kwatanta oksijin ɗin hayaƙi da na iskar waje, ta sanar da kwamfutar mota ko fetur ya yi yawa. Kamfanin Bosch ne ya fara ƙera irinta, Volvo ta fara sa ta a motocinta a 1976.

Guba ce ke kashe ta. Kwance ta ka duba bakin da kyau. In ya yi fari kamar alli, yawanci gam ɗin silikon ne da aka lafta a gasket, wato shimfiɗar da ke hana yoyo a mahaɗin sassan inji. In akwai ɓawo mai maiƙo, injin na shan baƙin mai. Ni sai da na sayi biyu kafin na gane ruwan lagireto ke yoyo cikin injin, kuɗin ya yi min ciwo ƙwarai.

Gyara injin tukuna, sannan ka ɗaura sabuwa.