Zuwa ga ƙanena mai son karatun binne sharar nukiliya a Japan

Ƙanena, saƙonka na uku ke nan a wata guda, kana so in nema maka gurbin karatu a nan, wai ka ji harkar sharar nukiliya akwai kuɗi. Na karanta takardar da ka turo, kuma ba zan miƙa ta haka ba.

Ka rubuta cewa ƙasar da ke girgiza ba a binne shara a cikinta, shi ke nan. Haka na rubuta shekarar da na zo. Malamina ya maido min da takardar a gaban ɗalibai, ta yi jawur da jan biro, har yau in na tuna raina na sosuwa. Amma shi ke da gaskiya. Girgiza ta fi ƙarfi a saman ƙasa, can cikin dutse da sauƙi, kuma dokar Japan ta 2000 ta ce zurfin ramin ya wuce mita 300. Abin tsoron shi ne tsagar dutse mai motsi ta ratsa rumbun sharar, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya samu hanya ya kwaso guba, ko ƙasar ta yi ta tasowa tsawon dubban shekaru. Bayan girgizar yankin Noto ta 1 ga Janairu 2024 na je da ƙafata. Gaɓar teku ta ɗaga kusan mita 4 a wasu wuraren, na tsaya a tashar masunta da ta koma busasshiyar ƙasa, jiragensu zaune a kan dutse.

Finland ta haƙa nata rumbun, Onkalo, sama da mita 400 cikin dutse mai shekara kusan biliyan 2. Japan har yau ba ta tsayar da wuri ba. Garuruwan Suttsu da Kamoenai sun karɓi binciken takardu, wato matakin farko na neman wuri, a 2020, Genkai a 2024, alhali a 2023 masana ƙasa kusan 300 sun sa hannu cewa babu inda ya dace a duk ƙasar.

Kuɗin da ka ji, har yen biliyan 2, na garuruwan da suka yarda ne, ɗalibi bai ganin sisi. Shekara biyu na yi ina zama a taro kamar gunki kafin Japananci ya zauna a bakina, ga waya na kururuwar gargaɗin girgiza da tsakar dare, babu ɗan'uwa kusa. Da haka na kai inda nake.

Ka koma ka karanta ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ka sake takardar ka turo min. Kuma kada ka kuskura ka sa Hajiya ta sayar da gonarta don kuɗin jirgi.